Kawu Malamin Tarihi da Mutumin da Ya Goyo Shi

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, ga Kawu ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa na Malumfashi. Ina shagona a Funtua ina fama da wani mai mashin a kan kaca aka bugo mini waya. Ban ko rufe shagon da kyau ba na hau hanya, aka yi masa sutura bayan azahar.

Jama'a kam an taru, har rumfar da aka kafa a ƙofar gida ta kasa. Yawancinsu tsofaffin ɗalibansa ne, domin shekarunsa na aiki duk a aji ya ƙare su yana koyar da tarihi a sakandare. Wani ƙaton ɗan sanda mai tumbi ya zauna yana share hawaye da hularsa, yana cewa Malam ya taɓa hana shi cin abincin rana saboda mutanen Sifaniya, kuma har gobe bai manta darasin ba. Wata ungozoma ta shiga cikin gida ta ce wa mata shi ya roƙi babanta ya bar ta ta gama makaranta, ya yi ta sintiri a kan tsohon kekensa har uban ya gaji ya yarda. Masu gasa masara na bakin tasha ma sun zo, don Kawu ba ya wuce su sai ya tsaya ya yi musu lacca a kan abin da suke gasawa.

Sai Alhaji mai taki, aminin Kawu kuma abokin gardamarsa tun ƙuruciya, ya gyara zama ya ɗaga murya.

"Wannan bawan Allah, 'yan bindiga da kansu sai da suka ji shakkarsa. Da ƙafarsa ya fito daga daji, carbi a hannu, ko tuntuɓe bai yi ba!"

Rumfa ta ɗauki kabbara. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, saboda na san ƙarya ce, kuma na san a gidanmu aka ƙera ta. Akwai wani makiyayi a wata ruga bayan Ƙarfi wanda wannan ƙaryar ta hana shi shiga kasuwar Bakori, ta sa ake nuna 'ya'yansa da baki. Saboda shi nake wannan rubutu, kuma saboda Kawu, wanda da yana da rai da ya jefe mu da alli.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na yi sakandare. Ban ci tarihi ba, kada wani ya ɗauka ɗalibin kirki ne ke magana. "Mai kunnen ƙashi" yake kirana har ya bar duniya. Amma darasi ɗaya ya shige ni, shi ne na mutanen Sifaniya da suka ɓace a ƙasar Amurka tun zamanin da Turawa suka fara leƙa ta. Yana da wani tsohon littafi da ya samo a Zariya lokacin yana ɗalibi, fassarar labarin da ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira ya rubuta da hannunsa. Kawu zai karanta layi biyu da Turanci, ya rufe littafin da yatsa a ciki, ya juye mana shi da Hausa kamar a gabansa aka yi.

Kuma ba ya koyar da shi sai cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai shigo ba, a darasin ƙarshe kafin a tashi cin abinci. In an kaɗa ƙararrawa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku zauna. Kuna so ku karanta labarin yunwa da tuwo a cikinku? Ba za ku gane komai ba." Cikinmu na ƙugi yake ba mu labarin yadda ɗaruruwan mutane suka sauka daga jiragen ruwa da sulke da dawakai suna neman zinariya, yadda suka rabu da jiragensu, suka cinye dawakan, suka harhaɗa kwale-kwale da hannun da bai taɓa sassaƙa ba, teku ta watsar da su tsirara a bakin gaɓa. Mutanen ƙasar da suka zo mallaka su ne suka same su suna rawar sanyi, suka zauna suka taya su kuka, suka ba su kifi da saiwa. Daga baya wasunsu suka zama bayi a hannun mutanen, suna ɗiban itace da ruwa. A ƙarshe mutum huɗu suka rage, suka yi shekaru suna tafiya a ƙasa.

Wata rana ya kwashe mu duka ajin zuwa gonar makaranta, ya ɓalle goyon masara ya ɗaga sama. Ya ce wannan da muke taƙama da ita daga Funtua har Bakori, muna cewa ta kakanninmu ce, daga ƙasar waɗancan mutanen ta fito, ita da rogo da gyaɗa da barkono. Ya ce mutum huɗun nan duk inda suka ji labarin garin da ake noma masara can suke dosa. Wani yaro ya ce, "Malam, ashe mun ci abincinsu ba mu san su ba." Kawu ya yi murna har ya ba shi masarar.

Alhaji mai taki bai taɓa ganin amfanin wannan ba. In suka haɗu a dakalin ƙofar gida da la'asar sai ya fara.

"Malam, don Allah me ya haɗa ɗan Malumfashi da Nasaran da ya ɓace a daji? Ka koya musu lissafi su san awon buhu mana."

"Kai dai Alhaji buhu ne a kanka. Ba Nasaran nake koya musu ba, yadda ake sauraron wanda ya tsira nake koya musu."

"To wanda ya tsira ai sai a yi masa barka, a wuce wurin."

"Shi ya sa kullum ake sayar maka da labari kamar yadda kake sayar wa mutane taki, rabi yashi."

Nan za su kaure, har sai Inna matar Kawu ta aiko da kunu ta ce a gaya musu unguwa ta ji.

Abin da yake nufi da sauraro shi ne tambayoyin da yake sa mu yi wa kowace takarda. Wa ya rubuta? Wa ya rubuta wa? Mutumin nan sarkinsu ya rubuta wa, yana neman a sake ba shi muƙami, don haka dole ya gyara kansa, ya rage inda ya yi kuka, ya ƙara inda ya yi dabara. Kawu ba ya cewa maƙaryaci ne. Cewa yake mutum ne mai jin kunya kamar kowa, sai a karanta shi da tausayi amma ido a buɗe. Sai kuma tambayar da ya fi so, wadda in ya zo kanta yake buga tebur: wa yake wurin amma ba a tambaye shi ba? A cikin mutum huɗun nan akwai baƙar fata, bawa, daga ƙasar Maroko. Shi ke shiga gaba, shi ke koyon harsunan mutane, shi ke tambayo hanya da ruwa. Amma a littafin 'yan layuka kaɗan aka ba shi, kuma ba wanda ya ce masa zo ka faɗi naka. Kawu yakan ce, "Ƙila da salla aka haife shi kamar ku. Ku nemo shi a tsakanin layukan, yana nan."

Wallahi a lokacin dariya muke yi masa a bayan aji. Muna cewa Malam ya fi sanin bawan Maroko a kan maƙwabcinsa.

Bayan ya yi ritaya ya koma noma a gonarsa ta bayan Ƙarfi. Can 'yan bindiga suka same shi da rana tsaka, ana karyar masara, suka ɗora shi a mashin suka shiga daji da shi. Ba zan tsaya a kan abin da gida ya shiga ba, duk wanda ke wannan yankin ya san shi, ko a gidansu ko a maƙwabta. An yi abin da ake yi. Da suka tashi sakinsa ba su kawo shi bakin hanya ba, can cikin ƙungurmin daji suka kwance shi suka ce ya tafi. Tare da shi suka saki wani makiyayi, ɗan rugar nan ta bayan Ƙarfi, wanda suka kore masa shanu ya bi sawu, suka haɗa da shi suka ɗaure.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Kawu na ji shi. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura saboda sarƙa, ko taku goma bai yi ba ya faɗi. Ga gudawa ta kama shi saboda ruwan da suke sha, har ya ɓata jikinsa. Ya zauna a ƙasa yana kuka, ya ce wa makiyayin ya tafi ya bar shi. Mutumin ya ƙi tafiya. Ya wanke shi a wani rafi, ya kwance gwadon da yake yafawa, ya durƙusa, ya goya Kawu a baya kamar jariri ya ɗaure a ƙirji. Haka suka yi kwanaki. Shi ke tono saiwa, shi ke sanin inda ruwa yake ta sawun dabbobi, shi ke kaucewa in ya ji ƙarar mashin. Kawu ya ce da suka fara ganin karan masara a tsaye, sai ya fashe da dariya a bayan mutumin har shi makiyayin ya ɗauka ya zautu.

Ranar Juma'a suka shigo gari, maza duk suna masallaci. Ta ƙofar baya suka shiga, Inna ce kawai a tsakar gida da Yaya, babban ɗan Kawu, wanda zazzaɓi ya hana shi fita. Yaya ya ga ubansa, dattijo mai furfura, malamin da rabin gari ya bi ta hannunsa, a goye a bayan makiyayi, ƙafafu na reto, ga wari. Ya ba mutumin ruwa da abinci a leda, ya ce ya yi sauri ya tafi kafin a sauko daga masallaci, wai don kada 'yan sa-kai su gan shi su yi masa wata fassara. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Malam ya dawo da ƙafarsa.

To amma wani ya hangi makiyayin yana fita ta bayan gida. Kun san garinmu. Me ya kawo shi? Ta yaya ya san hanyar daji? Me ya sa shi aka sake shi? Kafin mako ya zagayo an liƙa masa sunan infoma, mai kai wa ɓarayi rahoto. Samari suka tare shi a kasuwar Bakori suka ce kada su ƙara ganin ƙafarsa. Matarsa ta kawo nono gari aka bar ta da ƙwaryarta har ya yi tsami. Mutumin da aka raba da shanunsa, aka ɗaure shi tare da namu, shi ne ya koma ɓarawo.

Da Kawu ya ji, ya sa aka riƙe shi zuwa masallacin unguwa. Bayan sallar la'asar ya dafa bango ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku saurare ni. Ban dawo da ƙafata ba, goyo ni aka yi. Na ɓata jikina, na yi kuka, wannan bawan Allah da kuke zagi..." Bai ƙarasa ba Yaya ya kama hannunsa, ya juya ga mutane yana murmushin dole.

"Ku yi haƙuri, tun da Baba ya dawo kansa bai daidaita ba. Likita ya ce a bi shi a hankali."

Mutane suka girgiza kai, Allah sarki, Allah Ya ba shi lafiya. Shi ke nan. Daga ranar duk abin da Kawu ya faɗa sai a ce daji ne ke magana. Alhaji mai taki ma, da ya fi kowa sanin kaifin kansa, ya zaɓi labarin carbi, don ya fi daɗin faɗa a dakali.

Na je duba shi bayan nan, na same shi a ɗaki littafinsa na Zariya a kan cinya, bai buɗe ba. Ya dube ni ya ce, "Mai kunnen ƙashi, ka ga abin kunya? Na ƙare rayuwata ina hana yara yarda da labarin da aka wanke da sabulu, ga shi a tsakar gidana ake wankin." Na ce Yaya mutuncinsa yake karewa. Ya daka mini tsawa irin ta aji, ya ce mutuncin da sai an kashe wani a raya shi, Yaya ya sa shi a buhu ya kai wa Alhaji. Sannan ya sassauta murya ya ce abu ɗaya yake so: ranar da ya mutu a aika ruga a kira abokin tafiyarsa, shi zai kama gaban makara, kowa ya gani. Ya faɗa wa Yaya, ya faɗa wa Inna, ya faɗa mini.

Ranar Talatar nan ba a aika ba. Inna ta aiko yarinya daga cikin gida ta tuna wa Yaya, ya ce rana na yi, ba a jinkirta gawa. Gaskiya ne ba a jinkirta gawa, amma daga Malumfashi zuwa Ƙarfi a mashin ai ba Makka ba ce, kuma mashin ɗina na jingine a bakin rumfa da mai a ciki. Na kalli Yaya, na kalli 'yan sa-kai da suka zo da bindigoginsu a kafaɗa, na ja bakina. Ni na kama gaban makarar. Tir da wannan rana.

Ranar addu'ar uku, ana tsakiyar zama, sai ga makiyayin. Dogo ne, ramamme, da sanda, rigarsa ta koɗe. Ya yi sallama ba wanda ya amsa da ƙarfi. Ya dubi tabarmi ya ga ba a matsa masa ba, sai ya tsuguna can gefe inda ake tuɓe takalma, ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa. Alhaji mai taki na cikin maimaita labarin carbi ga wasu baƙi daga Funtua. Wani saurayi ɗan sa-kai ya taso ya tsaya a kansa.

"Kai, me ya kawo ka nan? Ka zo ƙirga mutane ne?"

"Na zo gaisuwar Malam ne."

"Ina ka san Malam?"

Mutumin ya dubi Yaya. Yaya ya kawar da kai yana gyara hula. Ya dube ni, ni ma ban motsa ba.

Sai muka ji murya daga zaure. Inna ce, tana cikin takaba, ba ta fito ba, a bayan labule ta tsaya. A garinmu mace ba ta magana a rumfar maza, balle mai takaba. Ta turo hannu ta gefen labulen da wani tsohon gwado a ninke, wankakke.

"Malam liman, a gafarce ni. A miƙa wa baƙon can kayansa. Da wannan ya goyo mini mijina daga daji. Ni na gani da idona ranar Juma'a. Ƙullin ya ƙi kwantuwa don ya ci naman ƙirjin bawan Allahn nan, da wuƙar yankan kuɓewa na yanke shi, ga wurin nan ku duba. Mijina da hankalinsa ya mutu, ya fi duk wanda ke rumfar nan hankali. Ni dai ba za a ce kaina ya taɓu ba, ban je daji ba."

Gwadon ya bi hannu hannu har ya isa wurin takalma, kowa ya ga inda wuƙa ta bi. Yaya ya rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Alhaji mai taki ya bar labarin carbi a inda ya tsaya. Saurayin nan ya ja da baya ya ɓace a cikin mutane.

Liman shi ma ɗalibin Kawu ne, ya sha yunwar marka a ajinsa. Ya matsa gefe a kan buzunsa ya dubi makiyayin ya ce, "Malam, taso ka zauna nan. Mun ji daga bakin kowa ban da kai. Faɗa mana yadda aka yi." Mutumin ya zauna a ɗarare ya faɗa, a taƙaice, ba ƙari. Inda Kawu ya ɓata jikinsa ya tsallake, ya ce kawai Malam bai ji daɗin cikinsa ba. Ya ce abin da ya fi damunsa a hanya surutu ne, don Malam daga bayansa yake ta ba shi labarin wani baƙin mutum na ƙasar Maroko da ya ja Turawa a daji, har sai da ya roƙe shi ya yi shiru kada a ji su. Rumfa ta yi dariya, dariyar da ke fita da hawaye. Kafin a shafa fatiha liman ya ce ranar kasuwar Bakori shi da Yaya za su raka shi har tsakiyar kasuwa, kuma Yaya ya ɗaga kai ya ce to.

Da aka watse makiyayin ya ce abu ɗaya yake roƙo, a nuna masa kabarin. Na ɗauke shi a mashin ɗin nan da ya kamata in ɗauko shi da shi tun ranar Talata. Ya tsuguna a gefen ƙasar da ba ta gama bushewa ba ya daɗe yana addu'a, gwadon a kafaɗarsa. Da ya shafa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam ya ce mini ni zan ɗauke shi. Na ji rasuwar tun ranar, na yi wanka na zauna a bakin hanya ina jiran a aiko."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Malam, ka yafe mana."

"Ba komai, ɗana. Wa ya kama gaba?"

"Ni ne."

Ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye ni da gaske, kamar wanda abin ya kwana yana damunsa.

"Kun dai lura da ƙafarsa ta hagu ko? Ba ya son a bar ta tana reto, ciwo take masa."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, Ya haɗa shi da rahamar da ba a wanke ta da sabulu ba. Wanda ya goyo shi kuma, Allah Ya mayar masa da abin da aka raba shi da shi. Mu da muka yi shiru, Allah Ya yafe mana, in mutumin nan ya yafe.